Damina ta sauya hali, mu kuma har yanzu da ido muke auna ruwan shuka

Da zarar Mayu ya kama, manomin Giwa da na Soba da na Makarfi tambaya ɗaya ke gabansu: wannan ruwan da ya sauka na shuka ne, ko a dakata? Wanda ya yi gaggawa ruwa ya ɗauke masa mako biyu, iri ya tsiro ya ƙone, sai ya koma kasuwa sayen wani. Wanda ya yi jinkiri kuwa damina ta tafi ta bar masa masara da ɗanyen goyo. Wannan tambaya tana da ma'auni, masana sun daɗe da fitar da shi, kuma tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka kafa tun 1922 ta zama Cibiyar IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello, tana nan a bayan gidanmu. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne yadda ilimin ya kasa yin tafiyar kilomita talatin ya isa gona.

A shekara mai matsakaicin ruwa, yankin Zariya yana samun kimanin milimita 1,000, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1983 zuwa 1984 ba, lokacin da ruwan Sahel da arewacin Nijeriya ya yi ƙasa ƙwarai, Tafkin Cadi ya janye daga faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 da yake da shi a shekarun 1960 ya koma ɗan kaso kaɗan. Daga shekarun 1990 jimillar ruwan ta farfaɗo. Shi ya sa idan aka ce wa wani sauyin yanayi na cutar da noma sai ya ce ai ruwa bai ragu ba, har ambaliya ake yi. Gaskiyarsa ta wannan fuskar. Sai dai jimillar shekara ba ita ke ciyar da shuka ba, yadda ruwan ya rabu cikin kwanakin damina shi ne magana, kuma nan ne sauyin ya fi bayyana.

A 2017 wani ayarin masana ƙarƙashin Christopher Taylor na Birtaniya ya wallafa sakamakon nazarin hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35 a mujallar Nature. Sun gano cewa yawan aukuwar hadari mafi tsanani a Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982. Sun danganta hakan da yadda hamadar Sahara ke ƙara zafi, abin da ke ƙara bambancin zafi tsakaninta da ƙasashen da ke kudu da ita, ya ba hadari ƙarfi. Akwai kuma ƙa'idar da ba a jayayya a kanta: duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin ɗari. Zariya tana kudu da Sahel, amma irin wannan hadarin mai tasowa daga gabas da iska da tsawa shi ne ke ba mu mafi yawan ruwanmu.

A kawo maganar gona. Milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kowane murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Ƙasar jigawar da ke kewaye da Samaru da Shika ba ta da ruɓaɓɓen ganye da yawa a cikinta, sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma idan manyan ɗigon ruwa suka bubbuge ta sai samanta ya yi ɓawo ya toshe. A ɗauka milimita 60 ta sauka cikin awa ɗaya, ƙasar ta sha 20 kawai. Ragowar 40 ɗin lita 400,000 ke nan daga hekta guda, duro 2,000, ta gangara kwari ɗauke da ƙasar sama da takin da aka zuba jiya. A littafin tashar auna ruwa za a rubuta 60, amma masara 20 ta gani. Da a ce wannan ruwan ya zo kashi uku cikin kwana goma, da kusan duka ya shiga ƙasa.

Lokacin da masara ke fitar da fure da gemu tana shan kusan milimita 5 zuwa 6 a rana. Ruwan da ƙasa irin tamu ke iya ajiye wa saiwa bai cika wuce na kwana goma ba, kuma tun kafin ya ƙare shukar ta fara wahala. Idan ruwa ya ɗauke a wannan gaɓar, gemu yakan makara fitowa, garin fure ya zube kafin ya same shi, sai a ɓare goyo a tarar da giɓi-giɓi. Zafi na ƙara dagula lamarin. Binciken David Lobell da abokan aikinsa na 2011, wanda ya tattara gwaje-gwajen masara fiye da 20,000 a Afirka, ya nuna cewa duk yinin da zafi ya haura digiri 30 da digiri ɗaya, amfanin yana raguwa da kusan kashi 1 cikin ɗari idan akwai danshi, da kashi 1.7 idan ana cikin fari. Ga yankin da masara ta kori dawa da gero daga gonaki da yawa cikin shekaru arba'in da suka wuce, wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin dawa ta fi masara haƙuri da ƙishirwa nesa ba kusa ba.

To yaya ake gane ruwan shuka? Ƙa'idar da masanin yanayi Sivakumar ya fitar a 1988, yana aiki da cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Nijar, ita ce aka fi amfani da ita a Afirka ta Yamma. Daga 1 ga Mayu, a samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, sannan kada ruwa ya ɗauke fiye da kwana bakwai a cikin kwana talatin da ke biye. Rabin farko manomi zai iya aunawa da kansa. Abin da ake buƙata gwangwani ne mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, da rula irin ta 'yan makaranta. A kafa shi a kan turke kamar mita ɗaya daga ƙasa don gudun awaki da fantsalin ruwa, a daidaita shi kada ya karkata, a nisanta shi daga bishiya ko katanga da aƙalla ninki biyu na tsayinsu. Kowace safiya a lokaci guda a tsoma rula, a rubuta zurfin ruwan da milimita, a zubar. Kurakuran da aka fi yi uku ne: amfani da kwalba mai ƙaramin baki ko bokiti mai faɗin sama, barin ruwan har rana ta take ya ƙafe, da mantawa a rubuta sifiri ranar da ba a yi ruwa ba. Wannan sifirin shi ne ke nuna tsawon ɗaukewar ruwa, shi ne kuma abin da ake nema. Bayan an auna a tona ƙasa a duba. Idan danshi bai kai zurfin santimita 15 zuwa 20 ba, masara ta jira, musamman da yake an tsara ƙa'idar ne da gero a zuciya.

Rabi na biyu kuwa ba ya aunuwa da gwangwani, sai hasashe. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar da ake sa ran faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa da wuraren da ake fargabar tsaikon ruwa. Aiki ne mai amfani, amma hasashe ba ya fin bayanan da aka gina shi a kansu inganci. Ruwan hadari na iya jiƙa Samaru sharkaf ya bar Hunƙuyi da ƙura. Tasha ɗaya ko biyu ba za su wakilci ƙananan hukumomin yankin nan duka ba. Ra'ayinmu shi ne kowace mazaɓa ta samu ma'aunin ruwa na gaske a makarantar firamare ko asibitin ƙauye, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin karantawa da tura adadin ta waya, a tattara a Samaru, sannan kowane mako a mayar wa manoma da sakamakon da Hausa ta rediyo.  Cibiyar NAERLS, wadda aikinta ke nan isar da sakamakon bincike ga manoma, a Zariya take.

Batun iri ya fi kowanne samun ci gaba. IAR ta fitar da nau'o'in SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMPEA na wake da SAMNUT na gyaɗa. A masara akwai mai nuna cikin kwana 80 zuwa 85, akwai mai 90 zuwa 95, akwai mai kai wa 110 zuwa 120. Mai dogon zango ta fi bayarwa idan damina ta yi kyau, mai gajeren zango ita ke tsira idan shuka ta makara zuwa ƙarshen Yuni ko ruwa ya ɗauke da wuri. Dabarar da ta fi dacewa ita ce raba gona: wani ɓangare mai sauri, wani matsakaiciya, a bar wa dawa da wake ko waken suya nasu wurin. A 2024 an amince da masarar TELA, wadda aka sauya wa ƙwayar halitta don ta jure tsutsar da ta shigo ƙasar nan a 2016 da kuma matsakaicin fari. Ana muhawara a kanta, kuma manomi na da haƙƙin a yi masa bayani ƙarara kafin ya saya. Amma kowane iri aka ɗauka, juriyar fari tana nufin rage asara ne kawai. Babu masarar da za ta yi goyo a busasshiyar ƙasa.

Saboda haka riƙe ruwa a gona shi ne babban aiki. Kunya ta ratsa gangare, kada ta bi shi, tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya. A kwarin kunya a riƙa yin ɗan shinge na ƙasa duk bayan mita biyu zuwa uku, tsayinsa ya gaza na kunyar, don idan ruwa ya cika ya tsallake shingen ya bi kwari maimakon ya fasa kunya. Wannan yana taimakawa a farkon damina da ƙarshenta. Idan marka ta kankama a Agusta dole a buɗe shingayen, musamman a ƙasa mai laka, domin masara ba ta jure kwanciyar ruwa fiye da kwana biyu, ganyenta zai yi rawaya saiwa ta ruɓe. Waɗanda suka gwada dabarar suka ce ba ta da amfani, galibi nan suka tafka kuskure. Karan da ake kwashewa ƙarƙaf ko a cinna wa wuta, da an bar ko da kashi ɗaya cikin uku a gona, da ya rage bugun ruwa da ƙafewa. Mun san kara abincin dabba ne kuma makamashi ne, don haka shawarar ba ta da sauƙi, amma takin gida da tokar murhu su koma gonar da aka kwashe.

Taki ma sai an sauya yadda ake zuba shi. Shawarar da aka saba bayarwa ga masara a wannan yanki ita ce kilo 120 na sinadarin naitirojin, 60 na fosfet, 60 na fotash a hekta, wato kusan buhu takwas na NPK 15-15-15 da buhu biyu da rabi zuwa uku na yuriya. Manoma ƙalilan ne ke iya sayen haka a yau, wanda ya sa asarar ko da mudu ɗaya ta zama abin baƙin ciki. Yuriyar da aka watsa a saman ƙasa, idan rana ta buɗe sai ta bi iska, idan ruwa mai ƙarfi ya zo sai ta bi kwari. A binne ta zurfin santimita 5, ɗan nesa da gindin shuka, ƙasa na da danshi. NPK cikin mako biyun farko, yuriya a mako na huɗu zuwa na shida.

Ƙasar da ke barin gona ba ɓacewa take yi ba, madatsun ruwa take tafiya. Binciken malaman jami'ar kan madatsar Kubanni ya daɗe da nuna cewa laka na cinye mata ciki, kuma duk madatsar da ake noma har bakin rafukan da ke ciyar da ita, ta Shika ce ko ta Galma, hanyar da za ta bi ke nan. Madatsar da ta cike tana cutarwa sau biyu: ba ta iya tare ambaliya a Agusta, ba ta kuma da abin bayarwa a Maris. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba zai cike giɓin ba. Zariya a kan dutse take zaune, irin wanda ya fito fili a Kufena, ruwan kuma yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen ne da tsage-tsagensa. Ajiya ce ƙarama da ke dogara da abin da ya tsuma a daminar bara. Kowa na haƙa burtsatse, babu mai auna yadda ruwan ke sauka. Ga mai rufin kwano na murabba'in mita 100, ruwan da ke sauka a kansa a shekara ya kai lita 100,000, kuma da indararo da tanki ana iya tare kaso mai tsoka, muddin an bar ruwan farko ya wanke ƙura ya zube.

Dole a yi adalci a nan. Ba kowace ɓarna ce ta sauyin yanayi ba. Gini a kan hanyar ruwa, magudanan da leda ta toshe, sare bishiyoyin bakin rafi da ɗibar yashi, duk aikin hannunmu ne, kuma su ke mayar da ruwa mai ƙarfi ya zama bala'i. Su kansu masana ba su daidaita kan ko jimillar ruwan Afirka ta Yamma za ta ƙaru ko za ta ragu nan gaba ba, lissafinsu ya sha bamban daga yanki zuwa yanki. Inda suka haɗu shi ne zafi zai ci gaba da ƙaruwa, ruwa mai ƙarfi kuma zai yawaita, kamar yadda rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya tabbatar. Bayan ambaliyar 2022 da ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin ƙasar nan, da fashewar madatsar Alau kusa da Maiduguri a Satumban 2024, ba wanda zai ce ba a yi masa gargaɗi ba.

Abin da muke nema daga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi bai wuce ƙarfinsu ba. A auna zurfin madatsun yankin a wallafa sakamakon, a ware tazarar da ba a noma a bakin rafukan da ke shiga cikinsu a dasa ciyawa da bishiya, a ɗauki malaman gona matasa a ba su babur da mai. Ma'aunan ruwan kuma a kafa su tun Afrilu, a koya wa masu karantawa aikin kafin hadarin farko ya taso.