A Buɗe Wa Koroso Makaranta

Tun jiya nake karanta zagin da ake yi wa yaran nan da aka ɗauka a bidiyo suna koyon rawar koroso, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Wai 'yan iska ne, wai iyayensu sun sallama su. Masu wannan magana su ne kuma kullum suke kukan cewa wayar hannu ta cinye al'adunmu.

Rawa a jikin mutum take zama, duk ranar da mai ita ya rasu bai koyar ba, ta tafi ke nan. A da gado ne yake riƙe ta: ɗan mahauci ya tashi da kalangu a kunnensa, ɗan manomi ya san gangar noma a wurin gayya, 'yan mata kuma suna gaɗa a dandali da farin wata. Yau dandalin ya zama shaguna, gayya ta yi ƙaranci, gidan biki kuwa na'urar kiɗa ta karɓe shi. To a ina yaron Kano zai koya in ba a makaranta ba?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan koroso ya ga yadda kacau-kacau ɗin ƙafarsu yake faɗuwa daidai da ganga da sarewa, ya ga yadda ɗaya yake ɗaga abokin rawarsa sama ba tare da takun ya ɓace ba. Wannan sai da malami da horo na watanni. Malaman kuwa, waɗanda suka yi ƙuruciyarsu zamanin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas a 1977, tsufa ya kama su. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano tana nan a Gidan Ɗan Hausa, mene ne zai hana a ware aji, a ɗauki dattawan nan da albashi su koyar?

Masu cewa tarbiyya za ta lalace, a raba maza da mata, a sa darasin bayan islamiyya, magana ta ƙare. Yaron da ke gaban malami ya fi wanda ke kwaikwayon TikTok a ɗaki tsira.

A 2024 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan sallar Kano cikin kayan gadon duniya, kowa ya yi murna, amma ban ji ana tambayar wanda zai gaji masu busa algaita da kakaki ba. Haka ma masu sassaƙa kalangu da ɗaura masa fata da tsarkiya, su ma a ba su ɗaki a makarantar, domin ɗan rawa ba ya taka ƙasa sai da makaɗi.