Yadda Na Zama Ustazu a Motar Maiduguri

A shekarar 2007, duk saurayin da ke ji da kansa a unguwarmu za ka ga farar igiyar iyafis ta fito ta wuyan rigarsa ta shige kunne. Wasu da gaske akwai na'ura a ƙarshen igiyar, wasu kuwa na yi imani aljihu kawai ta shiga ta kwanta. Ni a lokacin da wata tsohuwar wokman nake fama, wadda suna kaɗai ta ara wajen Walkman ɗin da Sony suka fitar a 1979, ko maƙwabtaka ba su haɗa ba. Batir biyu take ci, in ya fara sanyi sai muryar mawaƙiya ta koma ta ƙaton gardi mai mura. Biro ba ya rabuwa da aljihuna, aikinsa juya kaset don a tsimi batir. Da aka sa ranar bikin wani abokina a Maiduguri, na tuna tafiyar kusan kilomita 600 ce, sai na ce lokaci ya yi da ni ma zan shiga zamani.

Rigimar ta fara ne daga neman shawara, domin a Kano ba a rasa masana.

Na farko ɗan baffana ne da ya dawo hutu daga karatu a Malesiya da iPod nano. Da na ce ya ba ni in gani, sai ya ɗora mini a tafin hannu amma bai saki ba. Abu siriri, ka shafa da'irar da ke tsakiya da ɗan yatsa, sunayen waƙoƙi su riƙa gudu. Ya karanta mini tarihi tun daga 2001 da Apple suka fitar da iPod na farko mai giga 5, har zuwa nano da ya zo a 2005. Na tambayi kuɗi, ya ce mai giga 4 dala 199 ne a Amurka. Dala a lokacin ba ta kai naira 130 ba, amma ko a haka lissafin ya doshi dubu ashirin da biyar, kafin ɗan kasuwa ya ɗora nasa. Na yi gyaran murya na ce ai launin ne bai yi mini ba.

Duk da haka sai da na je wajen yaron da ke mana turi a bakin titi na tambaye shi. Ya ce, "Yaya, wannan ba a tura masa waƙa kamar filash. Sai da manhajarsu ta iTunes, kuma kwamfuta ɗaya yake sani. In ka kai shi wata aka haɗa su, tambaya za ta fito ko a goge na ciki." A gidanmu kuwa abin da ya fi kusa da kwamfuta shi ne kalkuletar Baba. Ga shi batirinsa a rufe yake a ciki, sai an jira Nepa, wadda aka sauya wa suna a 2005 amma ba a sauya mata hali ba.

Na biyu wani mai zaman kafen intanet ne da ya rantse mini cewa maganar iPod ta ƙare, yanzu Zune ake yayi, na kamfanin Microsoft, giga 30, ya fito a ƙarshen 2006. Ya ce har waƙa kana iya tura wa wani ta iska, ya saurara sau uku ko na kwana uku. Na ce wane wanin? Ya ce duk wanda ke da Zune. Na ce shi ya taɓa ganin Zune da idonsa? Ya ce a Amurka kaɗai ake sayarwa, amma ya ga hotonsa, ruwan ƙasa ne.

Yayana kuwa ko ɗaga kai bai yi ba. Cewa ya yi in haɗa kuɗin in sayi waya mai ɗaukar memori, irin Sony Ericsson W800 mai tambarin Walkman ko Nokia 5300, waya ɗaya, caja ɗaya, aljihu ɗaya. Na ce masa mai son kiɗa na gaskiya ba ya yarda a katse masa waƙa don wani ya yi masa filashin. Ranar da Apple suka sanar da daina yin iPod a 2022, sai da mutumin nan ya kira ni, shekara goma sha biyar bayan maganar, don kawai ya tambaye ni ko na ji labari.

Baba tambaya ɗaya ya yi: "Yana kama Landan?" Na ce wasu suna da rediyo, amma FM ne kawai. Ya ce to abin wasan yara ne, ya mayar da kunnensa jikin rediyonsa mai gajeren zango.

Akwai kuma ɗan takara na ƙarshe da mai gyaran waya na layinmu ya nuna mini: wata 'yar MP3 mai tsawon ɗan yatsa, batir ƙarami guda ɗaya take ci wanda ko a teburin mai shayi za ka samu, tana da FM, tana ɗaukar murya, a cire murfinta a soka a kowace kwamfuta. Giga ɗaya. Ba ruwanta da Nepa, ba ruwanta da iTunes. Aibinta guda: duk wanda ya gan ka da ita ba zai taɓa zargin ka kashe kuɗi ba.

Daren nan na ɗauki takarda na zauna lissafi. An ce minti ɗaya na sauti yana cin wajen mega ɗaya, shi ya sa Bature ke cewa giga 4 na ɗaukar waƙa dubu, don a wajensa waƙa minti huɗu ce. To mawaƙinmu na gargajiya a minti huɗu ko gaisuwa bai gama ba, 'yan amshi ma ba su gyara zama ba. Na Indiya sai an yi minti ɗaya ana busa sarewa kafin wani ya buɗe baki. Da na buga, na raba, na ninka, sai ya bayyana ƙarara cewa mutum irina giga ɗaya ta yi masa kaɗan, giga huɗu kuma ta fi ƙarfin aljihunsa. A cikin wannan hali na shiga kasuwar Sabon Gari.

A wani ɗan shago na gan shi. Siriri, bayansa na ƙyalli har kana ganin haƙoranka, da da'ira a tsakiya sak irin ta ɗan baffana, sai dai wannan ba a shafawa, maɓallai huɗu ne aka zagaye da fenti. Kwalin ba sunan kamfani, ba sunan ƙasa, amma an jera alkawura: waƙa, bidiyo, rediyo, wasanni, sifika a jiki. A kusurwa kuma an manna 'yar takarda mai ruwan gwal: 8GB.

"Yallaɓai, ka iya zaɓe," in ji mai shagon. "Kamfani ɗaya ke yin su, wancan suna kawai kake saye."

Na nuna masa ni ba baƙauye ba ne, na ce sai an gwada. Ya soka a kwamfutarsa, ga shi nan ɓaro-ɓaro, giga takwas saura ɗan kaɗan. Ya kunna mini wani bidiyon kifaye suna iyo. Muka yi ciniki, na taya, ya ce albarka, na yi kamar zan tafi, ya kira ni. Na biya abin da bai kai rubu'in kuɗin nano ba, na fito ina tausaya wa ɗan baffana. Ninki biyu na nasa, ga rediyo, ga kifaye. Har yau in aka ba ni takarda da biro zan nuna wa kowa cewa zaɓin nan ba shi da makusa.

A gida na yi gangancin faɗin yawan abin da yake ɗauka. Hajiya ta ce tunda haka ne a sa mata wa'azin nan da take so, wanda kaset ɗinta ya tsinke. Baba, wanda ya kira shi abin wasan yara, ya ce in akwai wuri a sa tafsiri. Na kai wa mai turi, na ce a fara da na manya don albarka, sannan a zuba nawa. Ya zuba wa'azi, ya zuba tafsiri, sannan muka shiga harka: na Indiya tsoho da sabo, na finafinan Hausa, na gargajiya, har da na turawa da ban san me suke cewa ba. Kwamfuta ta nuna komai ya shiga. Na gwada na farko na ji sallamar malam tangaram, na kashe, na kai caji shagon mai janareto.

Ranar tafiya na samu kujerar tsakiya a bas, kusa da wani dattijo mai farin gemu da carbi. Direba ya sa kaset ɗinsa, samarin baya suna kaɗa kai. Na bari sai da muka haye gadar Wudil, sannan na zaro kayana a hankali yadda kowa zai gani, na toshe kunne, na shiga foldar Indiya. Sunayen duk suna nan. Na danna ta farko, wani rubutun China ya fito, ta tsallake. Ta biyu haka. Na koma na finafinai, haka. Na gargajiya, haka. Ɗaruruwan waƙoƙi, kowace da sunanta, ba mai numfashi ko ɗaya. Na'urar ta yi ta tsallake da kanta har ta zagayo kan abin da ke da rai, wato foldar Hajiya.

Ina cikin danne-danne motar ta faɗa rami. Kan iyafis ɗin ya fice, sifikar jiki ta karɓi aiki, maɓallin rage murya kuma ya zaɓi wannan lokaci ya maƙale. Muryar malam ta cika motar, kuma ba a ko'ina ya dosa ba sai kan kaɗe-kaɗe da raye-raye a wajen biki, da samarin da ke tafiya gari ya gari don su. Ni kuwa ankon bikin ma yana cikin jakata.

Direba ya kalle ni ta madubi, ya miƙa hannu a sanyaye ya kashe kaset ɗinsa. Na fara laluben inda ake kashewa, sai dattijon ya riƙe mini hannu.

"A'a, ɗana, bar shi. Ɗaga shi sama na baya su amfana. Wallahi da na ga ka toshe kunne na yi maka mummunan zato, ka yafe mini."

Na yafe masa. Na ɗaga hannu sama. Haka muka ratsa Jama'are da Azare, hannuna a sama, wata baiwar Allah a gaba tana "Allahu Akbar", samarin baya kuma ina jin idanunsu a ƙeyata. In hannun dama ya gaji in koma na hagu. Wa'azi ya ƙare, tafsiri ya ɗauka. Kafin mu kai Potiskum sunana ya koma Ustazu.

Da aka tsaya salla da cin abinci, dattijon ya ce Ustazu ne zai ja mu. Na ce haba Baba, ina ni ina shiga gaban furfura, da ƙyar na zille, wannan ma aka lissafa shi cikin tawali'u. Ya saya mini tsire. Muna ci wani ya matso ya tambaye ni, matafiyin da zai yi kwanaki a gari, har yaushe zai ci gaba da ƙasaru? Na haɗiye naman, na dubi ƙasa, na ce malamai sun yi saɓani. Dattijon ya gyaɗa kai ya ce ka ji masu ilimi, ba sa gaggawar fatawa. Ya karɓi lambata.

Batirin ya mutu kafin Damaturu. Daga baya na ji wani ya sauke ajiyar zuciya da hamdala, ban san ta wace fuska ba. Amma direba ya kasa mayar da kaset ɗinsa, don duk sanda ya kai hannu sai ya haɗa ido da ni a madubi. Shiru muka shiga Maiduguri. A wajen bikin kuma na rakuɓe can bayan rumfa, ina tsoron kada cikin 'yan motar wani ya zama dangin amarya.

Da na dawo, mai gyaran waya ya buɗe cikinsa ya duba, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ma'ajiyar da ke ciki mega 512 ce, an dai shirya ta ne ta riƙa gaya wa kwamfuta giga takwas. Abin da aka fara zubawa ya samu wuri ya zauna, sauran kuwa suna kawai aka rubuta a rajista. Ya ɗauko 'yar mummunar MP3 ɗinsa ya ajiye kusa da nawa bai ce komai ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Na koma Sabon Gari da shirin tashin hankali. Mai shagon ya saurare ni da natsuwa, ya ce ai a gabana aka gwada, kuma kwamfuta ba ta ƙarya. Sannan ya sassauta murya ya ce saboda mutunci, in na yi ciko kaɗan zai canja mini da sabon shigowa, mai giga 16. Sai da na tambayi nawa ne cikon kafin na tuna abin da ya kawo ni.

Na'urar dai Hajiya ta gaje ta, tana nuna wa maƙwabta abin da ɗanta ya sayo mata takanas. Ni kuma na koma aron wayar Yaya da daddare, in sa layina a ciki, bisa sharaɗin zan saurari jawabinsa na waya ɗaya, caja ɗaya. Wani dare ina tsakiyar wata waƙar Indiya, an zo daidai inda ganga ke shigowa, kira ya katse ta. Dattijon mota ne. Bayan doguwar gaisuwa ya ce yana da 'ya da ta sauke Alƙur'ani bana, ya daɗe yana nema mata yaro natsattse wanda kiɗa bai dame shi ba, yaushe manyana za su samu zuwa Potiskum?