Japananci a intanet: an yi wa layi kwalliya, an bar rubutu a kwance

Tun da Google ya fitar da manhajar buɗe shafuka ta Chrome 119 a ƙarshen 2023, da wata dabara mai suna BudouX da ke yanke layin Japananci a inda gaɓar magana ta ƙare, masu ƙera shafuka suke ta guɗa kamar an kai amarya ɗaki. Wannan murna tana ba ni haushi.

Gaskiya ne Japanawa ba sa barin sarari tsakanin kalmomi, don haka kwamfuta takan datse kalma a tsakiya duk inda layi ya cika. Amma manyan ƙa'idojin da suke kira kinsoku, waɗanda suka hana layi ya fara da aya ko waƙafi, ko ya ƙare da bakan buɗe zance, an rubuta su a ma'aunin tsara rubutu na Japan, JIS X 4051, tun 1993, kuma manhajojin buɗe shafuka sun daɗe suna bin su. Abin da aka ƙaro yanzu ado ne ga kanun labarai.

Inda gizo ke saƙa shi ne tategaki, wato rubutun tsaye daga sama zuwa ƙasa, layuka suna tafiya daga dama zuwa hagu. Haka jaridun Asahi da Yomiuri suke fitowa a takarda kowace safiya, amma da ka buɗe shafukansu sai ka tarar an kwantar da labaran irin na Turawa. Manhajar buɗe shafuka ta Internet Explorer 5.5 ta iya tsayar da rubutu tun 2000, ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet kuma ta tabbatar da ƙa'idar rubutun tsaye a Disamban 2019. Har lamba kamar 25 akwai hanyar haɗe ta tsaye a gurbin harafi guda, abin da ake kira tate-chu-yoko, don kada mai karatu ya riƙa karkatar da wuya.

Masu cewa ai jama'a sun saba da na kwance suna fakewa da guzuma ne, domin ba kasafai ake ba su zaɓi ba. Mu da muka sha ganin ƙ da ɗ sun koma akwatuna a waya mun san irin wannan uzuri na lalaci. Manyan jaridun Tokyo su sa maɓalli guda a saman labari, wanda ke son karantawa a tsaye ya danna.