Ranar Fasaha ta Indiya: Me Ya Sa Bam Ne Ya Samu Kujerar Gaba?

Duk ranar 11 ga Mayu, Indiya na bikin Ranar Fasaha ta Ƙasa. Ana karrama injiniyoyi da masu ƙirƙira, 'yan makaranta su baje kolin abin da suka harhaɗa. Amma in ka bi salsalar ranar, hamadar Thar za ta kai ka, a jihar Rajasthan. A can ne, a Pokhran, aka tayar da bama-baman nukiliya 3 a ƙarƙashin ƙasa ranar 11 ga Mayun 1998, aka ƙara 2 bayan kwana biyu. Firaminista Atal Bihari Vajpayee ne ya yi wa duniya albishir ɗin, in albishir ne, kuma shekara na zagayowa gwamnatinsa ta mayar da ranar ta murna.

Ba na cikin masu cewa Indiya ba ta da hujja. Yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya ta 1968 ta bar wa ƙasashe 5 nasu, sauran kuma aka ce su zura ido. China, wadda suka gwabza yaƙi da ita a 1962, ta gwada nata bam ɗin tun 1964. Su Abdul Kalam, masanin kimiyyar da ya zama shugaban Indiya a 2002, sun yi aikin gwajin Pokhran a asirce har hukumomin leƙen asirin Amurka ba su farga ba sai da ƙasa ta girgiza. Ko maƙiyi ya san an yi gwaninta.

To amma me ya biyo baya? Kwana 17 kacal Pakistan ta mayar da martani a duwatsun Chagai, ita ma ta ware 28 ga Mayu tana bikinta. Shekara guda bayan haka, sojojin ƙasashen biyu na kashe juna a Kargil da ke yankin Kashmir, kowa da bam a aljihu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, Indiya ba ta rasa abin tunƙaho a fannin kimiyya ba. Ta kai kumbo duniyar Mars a 2014, ta sauke Chandrayaan-3 a kan wata a 2023. Ranar da za a ce wa yaro "ga abin da ilimi ke yi", sai a ɗauko masa hoton rami a hamada?

Mu nan mun san wata fasahar Indiya da ba a yi mata biki. Wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1996 a Kano da kewaye bai manta yadda zafin bazara ke zuwa da makoki ba. Rigakafin MenAfriVac, da kamfanin Serum Institute na birnin Pune ya haɗa a kan ƙasa da rabin dala kowace allura, ya iso Nijar a 2010, ya shigo Najeriya a 2011. Cikin 'yan shekaru, nau'in cutar da ya fi yi mana ɓarna ya kusa ɓacewa daga yankin Sahel. Da ni aka tambaya, ranar da kwalbar farko ta fito daga Pune zan sa a kalanda.