Shinge kafin rada a Tema da Sekondi

Duk inda aka zauna hirar ta'addanci a unguwannin Nima ko Mamobi na Accra, hankali arewa yake tafiya: Bawku, Paga, iyakar Burkina Faso. Ba laifi, can wutar take ci. Amma manyan sansanonin sojan ruwan Ghana suna Tema da Sekondi, kuma kowannensu na maƙwabtaka da tashar masunta, don haka hari na iya zuwar musu ta ruwa.

Ranar 12 ga Oktoban 2000, wani ƙaramin jirgi maƙare da bam ya raɓi jirgin yaƙin Amurka USS Cole yana shan mai a tashar Aden ta Yaman. Sojoji 17 suka mutu. Rada (na'urar hango jirage daga nesa) da makamai masu linzami da ke cikin USS Cole ba su tsinana komai ba. A 2017 kuma 'yan Huthi suka afka wa jirgin yaƙin Saudiyya da kwalekwale marar matuƙi, wato yanzu ba sai an samu ɗan ƙunar baƙin wake ba.

Kayan kariya sanannu ne: kyamara mai ganin ɗumin jiki cikin duhu, na'urar da ke jiyo mai nutso a ƙarƙashin ruwa, da mai toshe siginar jirage marasa matuƙi. Duk suna da amfani. Sai dai in kuɗi bai isa ba, kuma a Ghana yaushe ya isa, a fara da shinge mai yawo bisa ruwa a bakin mashigar sansani. Jirgin da ke gudun kilomita 55 a awa yana cinye mita 500 cikin kusan rabin minti. Kafin mai gadi ya ga abin a allo, ya kira oga, ogan ya ba da izinin harbi, aikin gama ya gama. Shinge ba ya jiran umarni.

Sai batun kwalekwale. Manyan jiragen kasuwanci dole su kunna AIS, na'urar da ke sanar da sunansu da inda suke. Kwalekwalen katako ba shi da ita, rada ma da kyar take kama shi. Da asuba, sa'ad da masunta ke dawowa tuli guda, wa zai tantance baƙo? Ni a ganina gwamnati ta raba musu ƙananan na'urorin shaida kyauta, ta haɗa rajistar kwalekwalen da man firimis (man injin kwalekwale) da take sayar musu da rangwame, sannan a bai wa sarkin masunta lambar waya da za a ɗauka ko da ƙarfe uku na dare ne. Shi ya san kwalekwalen da ba na garinsu ba.