Daga Lesta Nake Hango Zaɓen Kansilolin Zariya

Shekarata tara a Lesta, wani gari a tsakiyar Ingila wanda ƙidayar 2021 ta nuna yana da mutum kusan 368,000. Ni haifaffen Tudun Wadan Zariya ne, kuma har yau in aka ce "kansila" abin da ke fara zuwa mini a rai shi ne mutumin da ake gani wajen suna da ɗaurin aure, ba wanda ake kai wa kukan kwata ba.

Lesta garin jam'iyyar Leba ne, kowa ya sani. Tun 2011 da aka fara zaɓen magajin gari kai tsaye, Peter Soulsby ke kan kujerar, sau huɗu yana ci. A zaɓen 2019 Leba ta kwashe kujerun kansila 53 cikin 54. Da na ji sakamakon sai na ce ashe ko'ina haka take, mai mulki shi ke lashe komai. Shekara huɗu kawai aka yi na gane ban fahimci garin ba.

Gab da zaɓen 2023 uwar jam'iyya ta hana kansiloli 19 masu ci sake tsayawa, ta kawo nata. Ɗauki-ɗora ke nan, irin wanda muka sani. Mutanen unguwanni suka ji haushi, suka rama da ƙuri'a. Leba ta faɗo zuwa kujera 31, jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin riƙau ta tashi da 17, sauran shida ƙananan jam'iyyu biyu suka raba. A babban zaɓen 2024 kuma, a mazaɓar Lesta ta Kudu inda Musulmi ke da yawa, Shockat Adam ya tsaya ba jam'iyya, ya kayar da Jonathan Ashworth, jigo a Leba, da ratar ƙuri'a 979. Batun Gaza ne ya ja hakan. Ina cikin waɗanda suka kwana suna jiran wannan sakamako, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu wanda ya yi shakkar za a faɗi abin da aka ƙirga. A fili ake ƙirgar, wakilan 'yan takara na tsaye a kan tebur.

To mu dawo gida. A 2023 PDP ce ta ci kujerun sanata uku na jihar Kaduna duka, Atiku ma shi ya zo na ɗaya a jihar. Watan Oktoban 2024 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, hukumar zaɓen jiha ta ce APC ta cinye shugabanni 23 da kansiloli 255. Ko mazaɓa ɗaya ba ta kuɓuce ba. A Kano ma, cikin watan nan, NNPP ta ɗauke 44 duka. Don haka ba jam'iyya ɗaya nake nuna wa yatsa ba. Duk wanda ke gidan gwamnati, hukumar zaɓen jihar tasa ce. Wannan ba ra'ayin jama'a ba ne. Zariya, garin da ya goya wa PRP baya har Balarabe Musa ya zama gwamna a 1979, garin malamai da ɗalibai da 'yan boko masu gardama a kowane teburin mai shayi, a ce baki ya zo ɗaya haka? Abin yana ci mini rai.

Ba aljanna ba ce Lesta. Fiye da rabin masu rajista ba sa fita zaɓen kansila, majalisar garin kullum kukan rashin kuɗi take tana rage ayyuka, kuma addini da ƙabila sun shigo siyasar garin sosai tun rikicin matasan Hindu da Musulmi na 2022. Amma duk shekara takardar harajin gida tana iso ni, an rubuta nawa ne na majalisa, nawa na 'yan sanda, nawa na 'yan kwana-kwana. Wanda ya biya ba ya jin kunyar tambaya. Kansilarmu takan zauna a ɗakin karatun unguwa, kowa ya shiga da matsalarsa: shara, fitilar titi, gidan haya mai yoyo. Tana saurare domin ta ga yadda kujeru 22 suka suɓuce wa jam'iyya a dare ɗaya.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, a daina naɗa kantomomi. Na yi murna. Sai dai in gwamna ne zai ci gaba da fitar da ciyaman ta hannun hukumar zaɓensa, kuɗin sun bi ta wata ƙofa ne su koma ɗakin da suka saba kwana. Ni a ganina, raba gwamnoni da hukumomin zaɓen jihohi shi ne gyaran da ya kamata a fara da shi.

Washegarin zaɓen Oktoba na kira Yaya a waya, na ce, "Yaya, kun fita kuwa?" Mutumin da a 2015 ya yini a layi cikin rana, ya tsaya har aka gama ƙirga. Ya ce mini ranar gona ya tafi, masararsa ta isa girbi.