Furen Ingila a gindin mangwaronmu

Ɗan baffana da ke karatu a Ingila ne ya aiko min da irin wani fure wai shi Aquilegia, yace baya son rana sosai, gindin bishiya yake so, kuma in ya kama duk shekara zai dinga fitowa da kansa. Nace to ai gindin mangwaronmu ya samu ɗan haya.

Matsalar tun a jikin takardar ta fara. Wai sai irin ya sha sanyi da danshi sati 3 zuwa 4 kafin ya tsiro, don a ƙasarsu hunturu ne ke tashinsa daga barci. Mu kuwa nan gefen Ringim ina muka ga wutar da za ta riƙe firji? Sai na naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma na ƙulle a leda na nufi wajen mai shagon lemo mai firjin sola.

Yana kwancewa ya ga baƙaƙen ƙwayoyi kamar habbatussauda cikin tsumma, ya ja da baya yace "Malam, tsakaninka da Allah wa ya aiko ka ka karya min kasuwa?" Nace wallahi fure ne. Yace to tauna ɗaya in gani. Ni kuma an gargaɗe ni irin yana da guba, nace a'a ba a ci. Ai kuwa shikenan, kafin la'asar magana ta kai gidan mai unguwa, har yau in na je sayen fiya wata ta taga yake miƙo min.

Ƙarshe gindin randar Inna na tura shi. Na shuka sama-sama don baya son a binne shi da zurfi, na zuba takin akuya, na kewaye da ƙaya saboda kaji, safe da yamma ina ban ruwa. Baba ya tsaya yace yaushe zai yi 'ya'ya, nace fure kawai yake yi, shi ma sai shekara ta biyu, ya kalle ni ya kalli butar hannuna ya wuce masallaci.

Da ya tsiro kuwa ganye shar, har hoto na tura Ingila. Rannan na dawo daga gona na tarar da wajen an tsinke shi tas, Inna na zaune tana dama ƙuli-ƙuli. Na ɗora hannu a ka nace Inna guba ce fa!

Ko ɗagowa bata yi ba tace "Gubar gidanku. Tun kafin a haifi ubanka nake cin tafasa, wanko hannu ka zo ga kwaɗo."